Littafin Bashi a Hannun Baƙo

Sanin kowa ne cewa cinikin 'yan Arewa mazauna Kudu, tun zamanin da jirgin ƙasa ya fara sauke shanu yana ɗaukar goro, a kan bashi da amana ya tsayu. Tun da aka kafa unguwar Sabo a Badun cikin shekarar 1916, tsarin bai sāke ƙwarai ba: bafatake ya kawo kaya daga Arewa ya sauka gidan fatomansa, dillali ya nemo mai saye, mahauci ya kora sa bashi, maigida ya tsaya masa, sa'an nan malamin da ke zaune a zaure ya rubuta. Haka abin yake a Agege da Shagamu, haka yake a Anacha da Fatakwal. Wannan littafi da malam ke riƙe da shi shi ne rabin dukiyar gidan, domin kuɗin da ke hannun mutane sau da yawa ya fi wanda ke cikin aljihu.

A 'yan shekarun nan kuwa, musamman tun daga ƙarancin takardun naira na farkon shekarar 2023, wanda ya tilasta wa kowa karɓar kuɗi ta waya da na'urar POS, samari masu rataye da katin shaida sun cika kasuwanni suna tallan wani sabon abu. Suna cewa a jefar da littafi, a zuba lissafin shago duka cikin manhaja, ita za ta ƙidaya kaya, ta rubuta rasit, ta tuna wa mai bashi, ta faɗi riba a ƙarshen wata. Masu sito da masu sayar da hatsi a sari, da masu kantin magani, da ƙananan kamfanonin sufuri da yawa sun karɓa. Yanzu kuma koke-koke sun yi yawa, har ya zama wajibi wannan jarida ta ce wani abu.

Da farko ya kamata a fahimci abin da ake sayarwa. Turawa suna kiran wannan tsari da sunan gajimare, amma babu wani gajimare a cikinsa. Manyan kwamfutoci ne jere a cikin wasu gine-gine masu sanyi, wasu a Ikeja da Lekki, mafi yawa a Turai da Amurka da Afirka ta Kudu. Abin da ɗan kasuwa ya rubuta a wayarsa yana bin intanet ya tafi can ya zauna. Shi kuwa ba sayen manhajar ya yi ba, haya ya kama, kamar mai hayar rumfa a kasuwa, yana biya wata-wata ko shekara-shekara. Ran da ya daina biya a rufe ƙofa, littafinsa yana ciki.

Ba za a yi wa abin adalci ba in an ce ba shi da amfani. Duk wanda ya ga yadda gobara take cinye kasuwa, kamar ta Sabon Gari a Kano cikin 2016, ko waɗanda suka sha tashi a Balogun ta Ikko, ya san takarda ba ta da tabbas. Waɗanda rikicin kasuwar Shasha ta Badun ya rutsa da su a watan Fabrairu na 2021 sun fi kowa sanin wannan: mutumin da ya tsira da rigar jikinsa kaɗai, in littafinsa ya ƙone, to bashin da yake bi ya koma ga tsoron Allah na waɗanda ya bai wa. Ga mai zaman baƙunci, lissafin da wuta ba ta kai gare shi abu ne mai daraja. Haka nan maigidan da ya tafi gida Sakkwato ko Hadeja yin salla yana iya duba cinikin shagonsa na Idi-Araba daga can. Banki ma ya fi sauraron mai lissafi a tsare idan ya zo neman rance. Saboda haka masu kuka ba ƙin ci gaba suke yi ba. Alkawarin da aka yi musu ne bai cika ba.

Kuka na farko na kuɗi ne. Da yawa daga cikin manhajojin nan na kamfanonin waje ne, farashinsu kuwa da dala aka yanka shi. A ɗauki misalin wadda ake biya wa dala 30 a wata. Kafin watan Yuni na 2023, lokacin da dala take wajen naira 460 a farashin gwamnati, kuɗin bai kai naira 14,000 ba. Da aka saki naira ta nemi farashinta a kasuwa, dala ta wuce naira 1,500 a cikin Fabrairu na 2024, wannan haya ɗin ta koma naira 45,000, alhali ko harafi ɗaya ba a ƙara wa manhajar ba. A kan wannan akwai harajin VAT na kashi 7.5 cikin ɗari, wanda tun daga Janairu na 2022 doka ta ɗora wa kamfanonin waje su karɓa daga masu saye a Nijeriya. Ko hanyar biyan ma ta zama wahala, gama a cikin 2022 bankuna suka rage abin da katin naira zai iya saya a waje zuwa dala 20 a wata, daga baya wasu suka tsayar da shi ɗungum, sai a 2025 suka fara buɗewa. A tsakanin nan mai shago sai ya nemi wani mai katin dala ya biya masa, ya ba shi lada.

Waɗanda suka yanka farashi da naira sun fi sauƙi, kuma ya kamata a yaba wa irin kamfanin Zoho da ya yi haka, da Amazon da ya fara karɓar naira a kan hayar kwamfutocinsa a Janairu na 2025. Amma ko a nan akwai wata dabara da take ɓata wa mutane rai. Ana shigar da mutum kyauta, ko da ɗan kuɗi kaɗan, har ya kwashe watanni yana zuba sunayen kayansa da na abokan cinikinsa. Sa'ad da ya nutse, sai a ce masa in yana son yaro na biyu ya riƙa shiga sai ya ƙara kuɗi, in ya buɗe reshe sai ya ƙara, in yana son rahoton riba na shekara sai ya hau mataki na gaba. Ba a ɓoye waɗannan sharuɗɗa ba, suna nan a rubuce da Turanci cikin dogon shafin da kowa ke danna wa amincewa bai karanta ba. Mai talla dai bai faɗe su a kasuwa ba, domin kamashonsa a kan yawan waɗanda ya shigar yake.

Sai batun wuta da sabis, wanda ba ya bukatar dogon bayani ga mazaunin Ikko. Manhajar da ba ta aiki sai da intanet, ran da sabis ya ɗauke ta zama ado. A ranar 14 ga Maris na 2024 wayoyin ƙarƙashin teku guda huɗu suka lalace a gaɓar Kwaddibuwa, intanet ya yi rauni a Afirka ta Yamma, har wasu bankuna suka kasa aiki sosai na kwanaki. A ranar 20 ga Oktoba na 2025 kuma matsala ta faɗa wa kwamfutocin Amazon a jihar Bajiniya ta Amurka, manhajoji masu yawa a duniya suka tsaya na sa'o'i. Tumatirin da tirela ta sauke da asuba a kasuwar Mile 12 ba zai jira a gyara waya a teku ba. Ga kuma tsadar data, wadda hukumar NCC ta yarda a ƙara da kashi 50 cikin ɗari a Janairu na 2025, ga man janareta tun bayan cire tallafi a Mayu na 2023. Duk waɗannan ba sa cikin lissafin da mai talla ya yi wa mai shago.

Amma kukan da ya fi zurfi, wanda kuma ba a cika jinsa ba saboda masu shi ba su san yadda za su faɗe shi ba, shi ne cewa manhajar ba ta san cinikin ba. An gina ta ne domin kanti irin na Turai, inda kowane kaya yana da lamba a jikinsa, da farashi guda, mai saye ya biya ya tafi. Kasuwar Bodija ba haka take ba. Ana sayo masara da buhu a Dawanau, a sayar da ita da mudu ko da roba, kuma yawan mudun da zai fita daga buhu ya danganta ga wanda ya cika shi da wanda ya auna. Goro ana ƙirga shi da ƙwarya, a ɗaure shi da huhu. Albasa tana raguwa a hanya, tumatir farashinsa na safe daban, na azahar daban. Sa ba shi da lamba a jikinsa, ba kuma shanu biyu da suke kuɗi ɗaya. Ina za a rubuta gyara? Ina za a rubuta la'adar dillali, da kuɗin 'yan dako, da abin da direba ya kashe a shingaye tsakanin Jebba da Ogbomosho? Ina gurbin kafin alƙalami, ko na kayan da aka bari amana a sito ba na mai sito ba ne? Manhajar tana da gurbin mai saye da mai sayarwa, ba ta da gurbin mutum na uku da ya ce "na tsaya masa", alhali a zangon shanu maganar wannan mutumin ita ce cinikin.

Wani abin kuma ya taɓa addini da mutunci. Wasu manhajojin suna da tsarin ɗora ƙarin kuɗi a kan bashin da ya wuce wa'adi, in yaro ya kunna shi bai sani ba, sai maigida ya tarar an rubuta masa kuɗin ruwa a littafinsa. Wasu suna aika wa mai bashi saƙon tuni da kansu, da Turanci mai kaushi. Dattijon da aka yi shekara ashirin ana hulɗa da shi, wanda ko maigida ba zai tambaye shi kuɗi ba sai ya gaishe shi ya tambayi iyali, ya wayi gari na'ura tana masa gargaɗi. Irin wannan yana kashe hulɗar da kuɗi ba ya saye. Shekarar manhajar kuma ta Bature ce, ba ta san watan da maigida ke fitar da zakka ba.

Sakamakon haka shi ne abin da ake gani a shaguna da dama: littattafai biyu. Na takarda yana nan a ƙarƙashin tebur, shi ne na gaskiya, na waya kuma ana cika shi in an sami sarari. Aiki ya ninku, kuɗi na fita, lissafi biyu ba su taɓa daidaita ba. In aka kira lambar taimako, in an ɗauka, sai a haɗu da wanda ba ya jin Hausa, bai kuma taɓa shiga kasuwar hatsi ba. Shi kuwa saurayin da ya kawo tallan, ya riga ya koma wani kamfani.

Akwai tambayar da ta fi duk waɗannan nauyi: littafin na wane ne? Kamfani yana iya tashi daga ƙasa in ya ga ba riba. Kamfanin Wave na Kanada, wanda ƙananan 'yan kasuwa da yawa a Afirka suka dogara da shi saboda kyauta ne, ya juya wa masu amfani da shi a wajen Amurka da Kanada baya tun daga ƙarshen 2020. QuickBooks, duk da girmansa, ya rufe aikinsa a Indiya cikin 2023. Waɗannan sun ba da sanarwa da wa'adi, mutane suka kwashe lissafinsu. A nan gida kuwa, jaridu sun ba da labari a farkon 2024 cewa masu amfani da wata manhajar lissafi da aka gina a Ikko sun yi makonni ba su iya buɗe bayanan kayansu da na masu bashinsu ba, bayan kamfanin ya karkata ga wata sana'a. Malamin zaure in zai bar aiki yakan miƙa littafi. Ba daidai ba ne kamfanin da ya karɓi amanar dubban mutane ya kasa yin abin da malamin zaure yake yi.

Ko da kamfani yana nan da ransa, fita daga hannunsa ba sauƙi. Wasu suna barin mutum ya sauke jerin kaya da na sunaye, amma tarihin wa ya biya nawa a wace rana sai ya fito a warwatse, yadda wata manhajar ba za ta iya karɓarsa ba. Mai shago ya duba aikin shekara biyu da zai sāke yi da hannu, sai ya haƙura ya ci gaba da biya.

Wannan jarida ba za ta ɓoye cewa su ma 'yan kasuwa suna da nasu laifin ba. Maigida da yawa, saboda ba ya son wahalar koyo, yakan miƙa wa yaronsa waya ya ce ya buɗe masa. Yaro ya buɗe da lambarsa da adireshinsa na imel. A idon kamfani kuwa, mai lambar shi ne mai shago. Ran da aka ɓata, yaro ya tafi da littafin gidan a aljihunsa, babu kuma wanda zai saurari maigida. Wasu sukan ba yara biyar kalmar sirri guda don gudun ƙarin kuɗi, sa'an nan in kaya ya ɓace ba a san wanda ya goge ba. Wasu kuma sun ɗauka na'ura za ta kama musu ɓarawo. Na'ura abin da aka faɗa mata take riƙewa. Yaron da ya sayar da buhu goma ya rubuta takwas, takwas za ta nuna, da kyakkyawan rubutu. Wanda bai ƙidaya kayan sitonsa da hannu ba kafin ya fara, lissafinsa ya karkace tun ranar farko.

Da a ce abin zaɓi ne kawai, da sai a ce wanda bai ji daɗi ba ya koma ga takardarsa. Amma alamu sun nuna hanyar komawa tana ƙuntata. A watan Agusta na 2025 hukumar haraji ta tarayya ta fara tsarin rasit na intanet ga manyan kamfanoni masu cinikin naira biliyan 5 zuwa sama a shekara, da niyyar faɗaɗa shi zuwa na ƙasa da su daga baya. Sababbin dokokin haraji da aka sa wa hannu a Yuni na 2025 sun fara aiki a Janairu na 2026. Ko ƙaramin kamfanin da doka ta yafe wa haraji sai ya iya nuna lissafin da ya tabbatar da ƙanƙantarsa. Babban kamfanin da ke sayen waken soya ko citta daga hannun ɗan Arewa zai nemi takardar da ta dace da nasa tsarin. Binciken SMEDAN da Hukumar Ƙididdiga da aka fitar a kan shekarar 2020 ya nuna ƙanana da matsakaitan sana'o'i a ƙasar nan sun kusa miliyan 40. Gwamnatin da take tura jama'a masu yawa haka zuwa wata kasuwa, wajibinta ne ta tsare su a cikinta.

Dokar kare bayanai ta 2023 ta kafa hukuma, ta kuma ba mutum ikon karɓar bayanansa daga hannun wanda ya ajiye su. Sai dai hankalin dokar yana kan bayanan mutum ne, littafin cinikin shago kuwa bai sami kariya a fili kamar haka ba. Nan ne ya kamata wakilan jam'iyya a Majalisar Tarayya su sa hannu. Abin da ake bukata ba shi da yawa. Duk kamfanin da ke hayar manhajar lissafi a Nijeriya a tilasta masa ya bar mai haya ya sauke littafinsa cikakke a kowane lokaci, ko da ana binsa kuɗin wata, cikin sigar da wata manhajar za ta iya karantawa. In zai rufe ko zai ƙara farashi, ya ba da sanarwar watanni, ta saƙon waya, ba ta imel ɗin da ba mai dubawa ba. Hukumar FCCPC, wadda dokar 2018 ta ba ikon kare masu saye, tana iya hukunta tallan da ke ɓoye farashin gaskiya tun yanzu, ba sai an jira sabuwar doka ba. Hukumar NITDA kuma, maimakon tarurruka a otal-otal na Abuja, ta gwada manhajojin nan ta buga sunayen waɗanda suke aiki ba tare da intanet ba, su aika da lissafi in sabis ya dawo.

Ba kome ne za a jira gwamnati ba. Sarakunan Hausawa na Agege da Sabo da sauran garuruwa, da shugabannin ƙungiyoyin masu shanu da kayan abinci, sun saba zama da hukuma a kan haraji da filin kasuwa. Ƙungiyar da take da mambobi dubu tana iya kiran kamfani ta ce ga sharuɗɗanta: farashi da naira na shekara guda ba canji, ma'aikaci mai jin Hausa a cikin kasuwa, gurbin mudu da ƙwarya da la'ada da mai tsayawa. Kamfanin da ya raina mai shago ɗaya ba zai raina kasuwa guda ba. Akwai kuma 'ya'yan 'yan kasuwar nan da suka karanta ilmin kwamfuta a jami'o'in Kano da Zariya da Ikko, waɗanda suka tashi a bakin rumfa suka san abin da ake nufi da gyara. Attajiran da ke zuba kuɗi a gidajen mai da filaye, da za su ware kaɗan su ɗaure wa irin waɗannan yara gindi, da an sami manhajar da ke magana da harshen kasuwa, har da ajami ga dattawan da shi suka iya.

Kafin a kai can, duk mai niyyar shiga ya buɗe da lambarsa da sunansa, ko da yaro ne zai riƙa dannawa, ya kuma ba kowane yaro tasa kalmar sirrin. Ya tambayi mai talla kuɗin shekara gaba ɗaya, da yawan yaransa da rassansa a ciki, a rubuta masa a takarda. Ya sa a kashe data a gabansa a ga ko rasit zai fita. Ya gwada sauke lissafinsa a makon farko, tun bai zuba da yawa ba. Kada ya ajiye littafin takarda sai bayan watanni uku lissafi biyu suna daidaita, sa'an nan ko bayan haka, kowane ƙarshen wata a buga masa jerin waɗanda yake bi da waɗanda suke binsa, kwafi ɗaya a shago, ɗaya a aika gida Arewa.